Yadda Za Ki Ɓoye Tari a Shagon Gyaran Gashi

Ni Fo Agbeko na riga kowa a Lome gano abin da feshin gashi ke yi wa ƙirji, tun likitocin yau suna goye. Ban yi boko ba, amma shekara arba'in ina shaƙa, ga ni daram. Bi matakan nan, na rantse babu kwastomar da za ta san kina tari.

1. Rufe ko'ina

Ranar amarya, kulle taga, kashe fanka, sannan ki fesa. Iskar teku kan kwantar da gashi tun ba a kai coci ba. Numfashi kullum ana yi, aure kuwa sau ɗaya ne.

2. Zaɓi lokacin tari

Kada ki yi shi a bisa kan mutum. Danne shi sai injin busar da gashi ya tashi, ko babur ya wuce.

3. Nemi mai laifi

In ya kuɓuce, tsine wa barkonon mai suyar kifi ta maƙwabta. Ta saba.

4. Sha madarar gwangwani

An ce tana wanke ƙirji. Ban taɓa ganin hanyar da take bi ta kai can ba, amma akwai daɗi.

5. Guji asibiti

Nan matata, Da Mawusi, ta kwance mini zani a kasuwa. Wata Asabar a shagonmu tana kan gyaran gashin amarya numfashinta ya sarƙe, mataji ya faɗi, ƙirji sai fito yake. A asibiti nas ta ce fuka ce: ko ta bar shagon, ko shagon ya sha iska. Na tambayi matata abin da za mu gaya wa amare.

Ta ce, "Fo, gaya musu gawa ba ta kitso."

Ta kira magini ya fasa bango, taga biyu. Yanzu sai ta ɗaure hanci take feshi, a bakin ƙofa. Kwastoma biyu sun yi fushi sun tafi. Sauran, marasa kishin gashinsu, suna nan. Ita kuwa har ta koma jan waƙa a coci.

Wadda ta bi shawarata ta wayi gari tana haki, ban san ta ba, ban san uwarta ba. Mai musun ƙarfin huhuna kuma ya zo unguwar Be mu hura balan-balan. Zai same ni a kujerar jikin sabuwar taga. Ya taho da tasa kujerar, don ni ba na tashi daga nan.