Gayyar Mutum Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na kira gayya a gonata ba, kuma mutanen ƙauyenmu ma ba su da niyyar mantawa.

A shekarar aka zaɓe ni shugaban manoman da ke shan ruwa a magudanarmu, nan kusa da birnin Madani. Kafin nan sunana Isiyaku. Daga ranar na koma "Rayyis", wato shugaba da Larabci, kaina kuwa ya kumbura. Na ɗinka farar jallabiya, na sayi sanda. Duk gonar da ake gayya ina zuwa, amma a kan gaɓa nake tsayawa ina nuni: "Kai, can ba a cire ba! Ku yi sauri mana!" In an kawo fatur, wato abincin hantsi, ni ne farkon wanke hannu. Na lura da na iso majalisa hira take mutuwa, sai na ce kwarjini ne. (Kwarjini! Allah ya shirye ni.)

Da gyaɗata ta nuna, na sakar mata ruwa don ƙasa ta yi laushi. Duk wanda ya san lakar yankinmu na Jazira ya san kwana uku gare ka. In ta bushe, sai ta riƙe gyaɗar kamar siminti. Na sanar da gayya a masallaci, kowa ya ce "In sha Allahu". Na yanka bunsuru, matata Hajara ta tara maƙwabta suna ta zuba kisira, wato wainar dawa mai fele-fele, abincin mutum talatin.

Na isa gona da sassafe, jallabiya ta sha guga. Shiru. Ni da balbelu. Duk ƙurar da ta taso a hanya sai in gyara rawani, ashe awaki ne. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan safiya ba, wallahi har sallamar wani nake marmari.

Can sai ga Kawu Sale, ƙanin mahaifina, cikin farar jallabiya da sanda. Ya hau gaɓa ya tsaya kusa da ni.

"Kawu, ina mutane?"

"Ga ni na zo. Shiga ka fara, ɗana, ni in nuna maka inda ba a cire ba."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Abin da ka kai gonakinsu shi na kawo maka," in ji shi. "Su kunya ta hana su yi maka hakanga. Ni da na goye ka, ba ni jin kunyarka."

Rana na hawa, ƙasa na bushewa. Na naɗe jallabiya na shiga. Ina duƙe, laka har gwiwa, sai ga keken jaki da tukwane, Hajara da matan maƙwabta biye. Daidai nan Kawu ya ɗaga sanda ya kwarma ihu: "Rayyis! Can ba a cire ba!"

Wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Hajara ba ta yi dariya ba. Ta dubi tukwanen, ta dubi gonar, ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Mu biyu muka ci bunsurun. (Kawu ne ya fara wanke hannu.) Kwana uku ina cira ni kaɗai, fiye da rabin gyaɗar ta tsaya a ƙasa.

Mako na zagayowa aka yi gayyar Malam Bello. Na je da tsohuwar riga, na shiga layi. Kowa ya ci gaba da aikinsa. Sai wajen azahar na ji mai gonar daga bayana: "Kai Isiyaku, wane irin aiki ne wanga? Ka bar rabi a bayanka!"

Wata takwas ke nan ba wanda ya kira ni da sunana. Faɗa yake yi mini, amma sai da na share ido da gefen riga kafin in koma in tsince.

Jallabiyar dai tana nan. Ranar Juma'a kawai take fita, ita ma ta daina ba da umarni.