Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar da Umurni Biyu Sunka Kashe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Mashkura ta gidan Malam Mainasara, Achida, nake sanar da dangi da ƙawaye rasuwar wayata, wadda anka fi sani da 'Yar Baƙa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta faɗa randa ta fito da rai, ta sha ƙaurin albasa ba ta koka ba. Ita ce bakina. Kowa ya san ba ni iya ɗaga ido gaban mutane, sai in shige ɗaki in danna ta in faɗi abin da ke raina. Da ita nake amsa gaisuwar Siddiq, wanda anka yi muna baiko. In saƙonsa ya shigo sai ta ce "ƙilin", a hankali, don kada Inna ta ji.

Ciwon ajalinta ya faro daga rashin sauri da tsufa. Yayana Shafi'u, mai gyaran waya a bakin titi, ya ce zai gina mata sabuwar zuciya, wadda su ke kira kanel. Ya samo guntun rubutaccen umurni na kwamfuta, mai sa batir ya daɗe, wajen abokinsa Halliru na Goronyo. Shi kuma yana da nasa guntu, mai ƙara mata sauri. Sai ya haɗe su wuri guda. Ashe ba su jituwa: wani layi ya ce a kunna, wani ya ce a kashe wannan abu ɗin dai, kuma a ƙa'idarsu na ƙarshe ke rinjaye. Kwamfuta ta yi gargaɗi, Shafi'u ya ce ai kullum haka take surutu. Na ga rubutun yana wucewa, na so in tambayi mi yake nufi, kunya ta hana ni.

Tun ranar 'Yar Baƙa ba ta san wa za ta bi ba. Ta farka, ta yi haske, ta ce "girr", ta koma. Haka ta yi ta yi har ta yi zafi, ta yi shiru.

Ta bar caja mai ɗaurin zare, da riga mai hoton fure, da katin layi, da saƙon muryar Siddiq guda da ban kai ga saurare ba. Ta bar Shafi'u, wanda har yanzu yake cewa laifin Halliru ne.

Za a kai ta makwancinta, kwalin matattun wayoyi na shagon Shafi'u, ranar Juma'a bayan la'asar. Gilashinta an yi sadaka da shi. Zaman karɓar gaisuwa a zaure, Inna ce za ta amsa.

Siddiq kuwa, in ya zo ta'aziyya, ya tsaya bayan zana ya maimaita abin da ya faɗa cikin saƙon. Zan kasance ɗaya gefen. In ya ji na ce "ƙilin", to na ji.