Ranar da Allon Sanarwa Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba. Lokacin ina watan gwaji a wata masana'antar leda a Kudenda, ko takardar ɗaukar aiki ba a ba ni ba. Manaja, Alhaji Garba, ya sa ni rubuta manhajar da za ta riƙa tura saƙo daga kwamfuta ta wayar USB zuwa na'urori biyu: ƙaramar firinta a teburina, da ƙaton allo mai jan rubutu da ke rataye a zauren ma'aikata.

Kwamfuta tana ba kowace na'ura lambarta: firinta COM3, allo COM4. Ni kuma, gwani na gwanaye, maimakon in sa manhajar ta fara tantance na'ura kafin ta tura, sai na kafe lambobin a ciki. (Malaminmu ya hana haka, amma ranar ina bayan aji ina cin gyaɗa.)

Ga wani mugun hali nawa: in zan gwada firinta, abin da ke cin raina nake rubutawa, in yage takardar in jefa a kwando. Ran nan aka ɗauke wuta, na zare wayoyin. Da aka tada janareta na mayar, ashe na musanya musu rami, lambobin ma suka musanya.

Na rubuta: "ALHAJI NA SHAN SANYIN ESI, MU MUNA DAHUWA. FANKAR ZAURE TA MUTU TUN AZUMI." Na danna. Firinta shiru. Na ja tsaki, na ƙara da "MAROWACI!" na sake dannawa.

Sai ga Madam Ladi, shugabar masu aikin safe, ta leƙo tana share hawayen dariya. "Ɗana, fito ka ga aikinka."

Innalillahi! Zaure cike, ga maganata tana wucewa a kan allo a hankali, in ta ƙare ta sake dawowa. Alhaji na tsaye a ƙarƙashin allon, ya gyara tabarau yana karantawa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ranka ya daɗe, gwaji ne," na ce.

"Na gani," in ji shi. "Ai kai ma gwajin kake."

Bai kore ni ba, ya dai ƙara mini wata guda na gwaji. Washegari zaure ya sami fanka, har ma'aikata suka yi mini tafi. Ashe fankar ofishina aka ciro.

Tun daga nan, in zan gwada na'ura, "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya" nake turawa, tunda ban san inda za ta ɓulla ba.