Akwatin Ƙorafin da Zanzaro Ya Toshe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe akwatin ƙorafin asibitinmu a gaban baƙuwa. Asibiti na ce, amma ɗan markaz ne, wato ƙaramar cibiyar lafiya mai ɗaki uku, a ƙauyenmu na Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla, inda Larabci ne harshen hukuma, ni ne kuma shugabansa (shugaban mutum huɗu, har da mai gadi).

A shekarar an tura ni birnin Madani kwas na sati biyu kan inganta aikin asibiti. Na dawo ina jin kaina, ko gaisuwata sai da ta canza. Na kafa doka: a buɗe ƙarfe takwas, a rufe ƙarfe biyu, rigakafin yara kuma rana ɗaya tak a sati. Sannan na sa kafinta ya yi min akwati, aka shafa masa koren fenti, na rataye shi a bakin ƙofa da kwaɗo, na rubuta a jiki cewa duk mai ƙorafi ya rubuta ya jefa.

Duk ranar Alhamis nakan sauke shi in girgiza, in ji shiru, in mayar ina murmushi. Wata shida cur ko takarda ɗaya babu. Ni kuwa na ɗauka aikina ne ya kai inda ba a samun abin cewa.

Sai labari ya zo cewa za a turo wata daktora ta duba markaz-markaz na yankinmu, wanda ya fi tsari a ba shi firiji mai aiki da hasken rana. Firijin nan ina son sa har cikin raina. Alluran rigakafi a kular ƙanƙara muke ɗauko su a bayan babur, sau da yawa ƙanƙarar ta narke a hanya, mu sallami uwaye su koma da yaransu ba a yi musu ba.

Ranar da ta zo na sha farar jallabiya ƙarƙashin rigar aiki, na zagaya da ita ɗaki-ɗaki, na ajiye akwatin sai ƙarshe. Na tsaya kusa da shi na ce mata da Larabci, ƙirji a gaba, wata shida ke nan ba mu samu ƙorafi ko guda ba. Ta ce madalla, a buɗe ta gani.

Mukullin ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Sai da mai gadi ya ɓalle kwaɗon da guduma. Ana ɗaga murfin, sai ga gidan zanzaro, ƙaton curin laka busasshe, ya toshe ramin jefa takarda daga ciki tun daga wannan gefe har wancan. Daktora ta taɓa shi da biro, ta ce wannan ginin ya daɗe. Ni dai na yi ta kallon takalmina.

Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Sai ta hango mata zaune ƙarƙashin dalbejiya wajen mai sayar da gahawa, ta ce mu je ta ji daga bakinsu. Cikinsu har da Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, wadda ta goya ni. Gwaggo ta ce ita Larabcinta na kasuwa ne, abin da ke ranta da Hausa zai fito. Daktora ba ta jin Hausa. Wa zai yi tafinta? Ni.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Gaya mata muna son ka. Amma da sahe muna hawasha muna cirar gyaɗa, in munka taso ka kulle ka tahi. Ranar allura kuma ka aza ta ranar kasuwa. Wa ka shawarta?"

(Hawasha ita ce gonar da kowane gida ke nomawa a filin ban-ruwa, kuma ni ma a cikinta na girma, shi ya sa maganar ta fi yi min ciwo.)

Na juya na ce wa daktora, Hajiya ta ce suna jin daɗin aikinmu, sai dai suna roƙon a ɗan duba lokaci. Ban rufe baki ba Gwaggo ta ɗaga hannu. Ashe Larabcin kasuwar ya ishe ta kama ɓarawo. Ta ce da Larabci tsaf, "La la, ya daktora, ba haka na ce ba," ta maimaita komai da kanta, har da ƙarin cewa ina yaro ma haka nake, ba na tambaya. Matan suka kwashe da dariya, mai gahawa har da riƙe ciki.

Daktora ta tambaye su me ya hana su jefa takarda. Gwaggo ta ce rabinsu ba su iya rubutu ba, waɗanda suka iya kuma ba za su kai ƙarar ɗan gida cikin akwati ba. A wajenmu in kana da magana da mutum sai ka je ka gaishe shi, a zauna, ka faɗa. Ta ce sau uku tana zuwa ofishina, ina ce mata ina da aiki. Wallahi gaskiya ta faɗa, kuma na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Firijin dai wani ƙauye aka kai wa a wannan karon. Na mayar da rigakafi bayan la'asar, na raba shi da ranar kasuwa, duk Alhamis kuma ina zama ƙarƙashin dalbejiya in sha gahawa in sha faɗa, ina rubutawa. Da daktora ta dawo bayan damina na miƙa mata littafi cike da ƙorafi, da abin da muka yi kan kowanne. A zagaye na biyu aka kawo mana namu firijin.

Akwatin yana nan, mai gadi na ajiye ƙusoshi a ciki. Ni kuwa tun daga ranar, duk lokacin da na ji mutane sun yi shiru a kan aikina ba na murna. Sai in tashi in je in gaida Gwaggo.