Kunnen Zinari Ya Sauya Lasifikokin Motarsa

Duk ofishin da ya dace da mutum irin mataimakin mai kula da fayiloli, ya kamata ma'aikatansa su riƙa godiya safe da yamma. Allah ya yi masa baiwar kunne irin wadda ba a cika samu ba. Shi da bakinsa ya shaida wa kowa haka. Tun daga nan ake kiransa Kunnen Zinari, yana amsawa da murmushi, don a zatonsa lambar girma ce.

Motarsa ta kwana biyu a duniya. Ƙofar direba sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, hayaƙinta kuwa yakan daɗe a titi bayan ta wuce. Amma babban mutum ba ya tsayawa kan ƙananan abubuwa. Abin da ke ci masa rai shi ne lasifikokin da kamfani ya saka mata.

"Waɗannan gwangwanaye ne," in ji shi ga duk wanda tsautsayi ya sa ya gaishe shi. "Kamfani don talakan kunne yake ƙera mota. Ku kiɗa kawai kuke ji. Ni har numfashin makaɗin nake ji."

Ana nan sai shugaban sashe ya yi ritaya, aka ce sabon darakta yana tafe, shi zai zaɓi magaji. Mutum biyu ne a layi: Kunnen Zinari da abokin teburinsa, Mai Tabarau, bawan Allah da rediyon motarsa ya mutu tuntuni bai ma lura ba. Kunnen Zinari ya yi nazari irin na manya: duk wanda ya ɗauko darakta daga filin jirgi, shi zai fara shiga ransa. Motar ofis tana wurin makanike, sai ya nemi aikin, aka ba shi.

Washegari ya dira shagon mai haɗa wayoyin mota. Aka nuna masa lasifikoki daidai gurbin na ƙofa, ya kau da kai kamar an miƙa masa abin wasan yara. Idonsa ya faɗa kan wani baƙin akwatin lasifika mai girman firij a kwance.

"Ranka ya daɗe, dama kai yake jira," in ji mai shago, wanda ya san inda yake yi wa kowane mai saye ƙaiƙayi.

Aka gwada but, wurin zuba kaya na bayan mota, akwatin ya ƙi shiga. Kunnen Zinari bai yi wata-wata ba, ya ce a kwance kujerar baya. Aka kwance, aka girka akwatin a gurbinta, aka ɗora ta a saman mota, ya kai ta gida ya jingine a bango.

"Baban yara, mu kuma a ina za mu riƙa zama?" in ji matarsa.

"Kujera kowa yana da ita," ya amsa. "Sauti ne sai wane da wane."

Yara suka koma zuwa makaranta a ƙafa. Ya ce motsa jiki ne.

A harabar ofis ya yi gwajin farko. Tagogi suka ɗauki rawa, lambar motar ta shiga karkarwa, mai gadi ya bar takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Kunnen Zinari ya lumshe ido yana kaɗa yatsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar tarba, ya dafa kafaɗar Mai Tabarau. "Abokina, zauna ka tsare mana wayar ofis. Tarbar manya sai manya."

Abu ɗaya ne lissafinsa bai hango ba: darakta ma yana da iyali. Ya fito da matarsa, da mahaifiyarsa tana dogara sanda, da akwatuna a bayansu. Kunnen Zinari ya russuna, ya buɗe ƙofar baya don sabo. Su huɗun suka tsaya suna kallon baƙin akwati.

"Yallabai, wannan da kake gani, a garin nan babu na biyunsa. In ka ji ƙasan muryarsa, har cikin ƙashi..."

"Mahaifiyata a ina za ta zauna?"

"Sai Mama ta shiga gaba, yallabai."

"Ni da maiɗakina fa?"

Kunnen Zinari ya dubi saman motar, ya dubi fuskar darakta, ya haɗiye shawarar. Darakta ya zaro waya ya kira ofis. Wanda aka bari ya tsare wayar ya ɗauka.

Ba da jimawa ba Mai Tabarau ya iso da motarsa mai kujeru cif, but ɗinta wayam. Aka zuba kaya, aka taimaka wa tsohuwa ta shiga. Akwatin kayan darakta ɗaya ya rage, aka ce Kunnen Zinari ya biyo da shi.

Ya zaunar da akwatin a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel. Ta gilashi yana hango darakta da Mai Tabarau suna hira, har da dariya, har tsohuwa tana sa baki. Ya murɗa sauti ya kai ƙarshe.

A ƙarshen mako aka liƙa sunan sabon shugaban sashe a allo: Mai Tabarau. Kunnen Zinari ya karanta, ya gyara wuyan riga, ya shaida wa masinja cewa shi dai ya yi nasa, don fasinjansa bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.