Wurin Aika Kaya Mafi Nisa

"Lafiya lau, amarya. Ban tambaye ki gajiya ba, mai danna allo ina ta ga gajiya."

Tsoho ya zauna a bakin gadon jikarsa, ya jingine sanda. Kan tebur ga kwali an naɗe da salatif, ga kwamfuta a buɗe. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma tun yarinyar nan tana riƙe masa yatsa, duk saƙon da za a aika shi ke raka ta, su tafi a ƙafa suna faɗa. Yau ba wanda ya kira shi.

Ta ce manhaja take haɗawa. Ta ɗauko wani laburare, wato aikin da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya jona a nasa. Da ta ba shi inda take, sai ya jero mata wuraren karɓar kaya inda za ta iya aika kwalin, na kusa a sama. Na farko shagon mai gyaran waya ne a bayan layinsu.

"Kwalin na wa?"

"Na magajinka. Takalmi na saya masa."

"Ina raye? Yaron da wuyansa kamar mariƙin lema?"

"Shi dai haƙoransa ba sa kwana a kofi."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"In ta yarda ta fito daga kwalba ba."

Tsoho ya harari kwamfutar. Ya ce yaron kam ya yafe masa, ɗan mutum ne, watarana zai yi sanƙo. Amma abin da bai taɓa lasar kan sarki ba, bai san ƙanshin buhun wasiƙu ba, a ce shi zai nuna mata hanya? To, ta je, ai bayan layi ba ya son rakiya.

Ya miƙa hannu zai ɗauki sanda. Sai lokacin ta lura ya sa hularsa ta fita, ya goge takalma har suna ƙyalli. Ta ja jerin har ƙasa.

"Ashe kumallon mata yana kama maza. Tashi, na zaɓi na ƙetaren gada."

"Laburaren naki ya ce shi ne mafi kusa?"

"Mafi nisa ya ce. Ɗauki kwalin."

Tsoho ya yi dariya har da tari, ya rungumi kwalin.

"Na ɗauka. Amma in ya suɓuce a tsakiyar gada, tsufa ne."