Bawale da Famfon Ruwan Batir

A wani ƙauye kusa da Kura akwai wani mutum ana ce masa Bawale. Ba mahaukaci ba ne, salla ba ta wuce shi, bai taɓa zagin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: a ganinsa, duk abin da mutum ya faɗa, shi yake nufi. Yana zaune gidan yayarsa Hansai, wadda ta gaji da ganinsa a zaure, ta matsa wa mijinta Malam Jibo sai da ya samo masa aiki a kamfanin jimar fatun da shi ma yake aiki, can Challawa. Malam Jibo ne ke kula da ɗakin asid, ruwan batir ɗin nan mai cin ƙarfe, wanda ake turawa cikin bututu da wasu famfuna masu farar roba mai santsi a ciki, irin wadda asid ba ya iya ci. Manaja ya yarda, amma ya ce, "Kai ka kawo shi. Ranar da ya yi ɓarna, tare za ku fita." Malam Jibo yana da yara a makaranta. Ya ce ya ji.

Wata rana Malam Jibo zai leƙa sito, ya ce, "Bawale, kada ka bari ƙarfe ya kusanci ruwan nan." Bai daɗe da fita ba sai ga Manaja ya zo zagaye. Bawale ya tare ƙofa, ya karɓi makullan motarsa, ya karɓi agogo. Manaja ya ji daɗin wannan tsantseni har ya yi murmushi, haƙorin Makkansa ya fito. Bawale ya miƙa hannu.

"Yallaɓai, saura na baki."

Malam Jibo ya dawo ya tarar da su a haka. Haƙurin da ya bayar a ranar ya isa a raba wa unguwa guda.

Wata rana injiniya ya bi ta ɗakin, ya dafa babban famfon ya ce, "Wannan bai san tsoron asid ba. Abu ɗaya ke kashe shi, ya yi aiki a bushe. Kada ku kuskura ya bushe." Shi dai nufinsa kada tanki ya ƙare famfo na juyawa. Bawale ya je ya samo buhunan algarara, ya jiƙa su, ya lulluɓe famfon har da injin lantarkin da ke juya shi, ya zauna gefe da buta yana yayyafi kamar mai sanyaya randa. Aka ji ƙara, aka ga tartsatsi, wutar ɓangaren duka ta ɗauke, fatu suka tsaya cikin ganguna. Ba wanda ya mutu, abin da ma'aikata suka yi ta mamaki ke nan. Manaja bai ɗaga murya ba. Ya dubi Malam Jibo ya ce, "Ka fara tambayar inda ake neman ma'aikata." Da Malam Jibo ya koma gida ya ce wa Hansai ƙanenta zai kashe shi. Ta ce ai yaro ne. Yaron nan furfura ta fara fito masa.

Wata rana wani ɗan kasuwa, Alhaji Sambo, ya kawo sababbin famfuna masu araha. Manaja ya riga ya amince, an shirya ɗaura na farko a ranar, a kan bututun da ke bi ta saman kan masu wankin fata. Aka taru a ɗakin asid. Malam Jibo ya jingina Bawale da bango, ya raɗa masa, "Don girman Allah, yau kada ka yi komai sai an ce ka yi."

Alhaji Sambo ya buɗe famfo ɗaya, ya zaro farar farfelar da ke juyawa a ciki, ya ɗaga ta sama.

"Irin taku ce sak, Yallaɓai. Babu abin da asid zai yi mata." Ya waiga ya ga wani bawan Allah a tsaye shiru, ya danƙa masa ita don nishaɗi. "Kai, ɗan'uwa, jefa ta cikin tankin asid ɗin can ka gani!"

An ce ya yi. Bawale ya ɗaga murfin ƙaramin tankin, ya jefa.

Kowa ya yi baya. Feshin ya sauka a babbar rigar Alhaji Sambo, shaddar ta fara hujewa yana kallo. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan takalmin Manaja. Malam Jibo ya cire safar hannunsa, ya ninke, ya ajiye a kan benci, don ya san ba zai ƙara sa ta ba.

"A fito da ita," in ji Manaja, "sannan ku biyun ku same ni a ofis."

Sai da aka daɗe ana neman kwandon roba mai dogon mariƙi kafin injiniya ya lalubo ta. Abin da ya fito ba fari ba ne. Ya yi ƙasa-ƙasa, ya kumbura, fukafukansa sun yi laushi suna zuba kamar ɗanko a rana. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi bututun da ke saman masu wanki. Manaja ma ya duba. Masu wankin suna can ƙasa da ɗaurin ƙugu, suna hirar ƙwallo.

Bawale ya durƙusa gaban Alhaji Sambo, hankalinsa a tashe.

"Alhaji, ka yi haƙuri, na ɓata maka kaya. Kai ka ce babu abin da zai same ta, ina jin ni ne ban jefa daidai ba. Ba ni wata in sake."

Alhaji Sambo ya tuna ana jiransa a Sabon Gari.

Manaja ya ɗauki safar hannun da ke kan benci, ya miƙa wa Malam Jibo.